Taki Biyu da Yatsa Uku

Bayan Kwalli taki biyu ne da yatsa uku,
daga inda geza ta ƙare
zuwa haƙarƙarin ƙarshe.
Na auna da asuba, na sake da la'asar,
ko zafin Ikko zai miƙa ta. Bai miƙa ba.

Sirdin da Madam Morenike ta sayo
ya kwana arba'in a tashar Apapa kafin a fito da shi.
Baƙi ne wuluk, yana ƙamshin sabuwar mota,
irin na rawar doki, inda ba tsere, ba tsalle,
sai taku, sai juyi, sai tsayawa cak.
Da na ɗora, ya zarce iyaka da faɗin tafi,
ya zauna mata a kan ƙoda.

Goɗiya ba ta magana sai da kunne.
Ta kwantar da su, ta yi ta kaɗa wutsiya.
Madam ta ce taurin kai ne,
mai horo ya ce a ƙara bulala.
Ni da ke wanke ta, na san inda soso ke sa ta lanƙwashe.
Na ga tabo biyu a bushe, a tsakiyar gumi,
na ga farin gashi ya tsiro inda da babu.

Sai na kwance wayar shanya,
na lanƙwasa ta a kan kafaɗunta,
na zana a kwalin taliya, na yanke da reza.
Ranar hutuna na rungume bayan Kwalli a hammata,
na hau danfo a Obalende.
Kwandasta ya ce kwalin ma sai ya biya kujera.
Na ɗora shi a cinya har muka sauka gada,
ruwa na ƙasa, hayaƙi na sama.

A Mushin, bayan rumfunan masu fata,
akwai Baba Korau, badukun Jega,
shekara talatin yana ɗinkin jakar mata.
Ya karɓi kwalin, ya daɗe yana shafawa.
Ya ce, "Gajeriya ce. Uwarta ma haka take, ko?"
Na ce ban san uwarta ba.
Ya ce, "A garin nan wa ya san uwar wani?"

Ya jawo wani tsohon sirdi daga ƙarƙashin teburi,
gwanjo, fatarsa ta koɗe kamar gwiwar raƙumi,
wani ya jinginar bai dawo ba.
Ya farke cikinsa, ya zaro ulun da ya dunƙule,
ya rage bayansa, ya cusa sabo da tsinken ƙarfe
kaɗan-kaɗan, yana gwadawa da kwali,
yana tauna goro, yana zagin masu wuta.
Sau uku na koma. Kuɗin mota daga aljihuna.

Da dare ina kwana a ɗakin harawa,
a kan bencin da bai kai tsawona ba,
ƙafafuna a iska tun bara.
Ban taɓa yanka kwali a kan wannan ba.

Ran Laraba, an yi yayyafi, yashi ya kwanta.
Na ɗora, na ja majayi rami ɗaya, na jira.
Na zura yatsa uku a ƙarƙashin kwacciya, sun shige.
Madam ta dubi sirdin, ta yatsina fuska, ta hau.

Kwalli ta yi taku goma a ɗarare,
tana jiran ciwon da ta saba.
Bai zo ba.
Ta sauke wuya, ta busa hanci,
bayanta ya taso kamar ƙullun da ya kumbura,
kofato na sauka a sawun kofato.

Madam ta ce, "Ka gani? Horo ya fara shiga."
Na ce haka ne, ranki ya daɗe.

Da na sauke sirdin, gumin ya jiƙe ko'ina daidai,
taki biyu da yatsa uku.
Farin gashin nan dai ba zai koma ba.
Na ɗauko bokiti da soso.